Daidaitacciyar Hausa a Ƙasar Yawuri

Daidaitacciyar Hausa ita ce wadda ake rubuta littafi da jarida da jarrabawa da ita. Tushenta Kananci ne, amma ko a Kano ba wanda yake cinikin kasuwa da ita tsantsarta.

Wasu kan fara lissafin tarihinta daga 1912, lokacin da Hanns Vischer, wato Ɗan Hausa, ya fitar da ƙa'idojin rubuta Hausa da boko. Waɗannan ƙa'idojin haruffa ne kawai. Salon kansa a Zariya aka gina shi, a Hukumar Talifi ƙarƙashin Rupert East. Gasar rubutu ta 1933 ta fito da Abubakar Imam da Abubakar Tafawa Ɓalewa, ƙamus ɗin Bargery ya biyo baya a 1934, sannan a Janairun 1939 jaridar Gaskiya Ta Fi Kwabo ta fara fitowa, Imam yana editanta. A wannan tsakanin ne haruffa masu ƙugiya, ɓ da ɗ da ƙ, suka samu gindin zama. Jaridar ce ta koya wa malaman makaranta da ma'aikatan En'e yadda ake zuba magana a takarda. Hukumar Harshen Hausa ta 1955 da taron Bamako na 1966 gyaran fuska suka yi.

A Yawuri aikin ya ninku. Yaron da ya tashi da Hausar yamma yana cewa "sunka zo" da "shina nan", malami ya ja masa jan biro ya mayar "suka zo" da "yana nan". Ɗan Gungawa ko Kambari ko Shangawa kuwa tsani biyu yake hawa: Hausar kasuwa tukuna, sannan ta littafi. Saboda madatsar Kainji, wadda aka kammala a 1968, an kwashe Gungawa daga tsibiransu zuwa sababbin ƙauyuka, Hausa ta ƙara mamaye gidajensu.

Haka yaran Hong Kong suke fama: suna magana da Kantonanci, amma rubutun makaranta yana bin tsarin Mandarin, har kalmar "ne" ta baki daban, ta takarda daban.

Ko Farfesa Mahdi Adamu, ɗan Ngaski ta ƙasar Yawuri, wanda ya fi kowa bin diddigin tarihin Yawuri, da Turanci ya rubuta babban littafinsa na 1978 kan Hausawa a Afirka ta Yamma.