Kan Jirgi Mai Dizal da Gyaɗar Magariya

Duk faɗin gundumomin Magariya da Dungas na Nijar ba a taɓa shimfiɗa layin dogo ko na taku ɗaya ba. Amma ka zauna da dattijon da ya noma gyaɗa ko ya je ci-rani daga Bande, Dancawo ko Dogo-Dogo, za ka tarar ya san jirgin ƙasa sarai. Jirginsa yana can hayin iyaka, a kan layin Kano zuwa Nguru, kuma shekara da shekaru shi ne ya kwashe amfanin gonarsa zuwa bakin teku.

Dogo ya iso Kano a 1911. Turawa auduga suka sa wa rai, sai manoma suka zaɓi gyaɗa, domin ita ta fi kawo kuɗi, kuma in kasuwa ta faɗi ana iya cinta. A 1930 aka kammala reshen da ya tashi daga Kano ya bi ta Ringim, Gagarawa, Malam Madori da Birniwa ya tuƙe a Nguru, tafiyar kilomita kusan 230. Wannan reshe ya bi kusa da kudancin Damagaram. Mutumin Dungas in ya ƙetara Maigatari ya wuce Gumel, tashar Gagarawa ce a gabansa. Na Magariya kuwa hanyar Babura ce ke kai shi Kano. Faransawa ba su so haka ba. A shekarun 1950 sun ƙirƙiro wani shiri mai suna Hirondelle don karkata gyaɗar Nijar zuwa jirgin Parakou da tashar ruwan Kwatano, sai dai nisan ya yi wa gabas yawa, gyaɗar wannan yanki ta ci gaba da gangarawa Kano.

Kawunan jirgin da suka fara wannan aiki masu kwal ne, kuma duk wanda bai san wahalarsu ba ba zai gane dalilin zuwan dizal ba. Kan jirgi mai kwal tukunya ce babba a kwance bisa ƙafafun ƙarfe. Ɗan wuta yana tsaye bayan direba da shebur, yana ɗibar kwal yana watsawa cikin murhu, zufa na zuba, a ƙasar da ko inuwa ba ta da sanyi a watan bazara. Ruwan tukunyar ya tafasa, tururi ya tura sandunan da ke juya ƙafafu. Sai an hura wutar sa'o'i kafin tashi. A hanya kuma dole a riƙa tsayawa ƙarƙashin tanki ana ɗura ruwa, ga shi ƙasar yashi ce, ruwan rijiya da rani mutane da dabbobi ma bai ishe su ba. Kwal ɗin kansa daga ma'adinan Inugu ake jawo shi, ta gadar Makurɗi da Kafanchan da Kaduna, ɗaruruwan kilomita. Kowane taragon da ya ɗauko kwal, taragon da gyaɗa ke jira ne.

Nan ne asalin dalar gyaɗa. Muna tuna ta da alfahari, kuma ta cancanci haka, amma dalilin da ya sa aka riƙa jibge buhuna har sama a Kano bayan Yaƙin Duniya na Biyu shi ne reluwe ta kasa kwashewa. Gyaɗar bana takan tarar da ta bara a ƙasa. An sayo sababbin kawuna masu kwal daga Ingila tun daga 1948, waɗanda aka raɗa wa sunayen koguna, duk da haka kayan sun fi ƙarfinsu.

A 1955, shekarar da aka kafa Hukumar Jiragen Ƙasa ta Najeriya, aka kawo kawuna goma masu dizal na kamfanin English Electric, kowanne mai ƙarfin doki 750, aka sa su aiki a Arewa, a sashen Zariya da Kano. Yadda suke aiki ya bambanta da na mota. Injin ba ya juya ƙafafu kai tsaye. Janareta yake juyawa, wutar lantarkin da ta fito ta shiga motocin da ke maƙale a gatarin ƙafafun, su ne ke jan jirgin. Babu murhu, babu toka, babu neman tankin ruwa a kowace tasha. Direba ya tayar da inji ya kama hanya, ya kai kaya ya juyo a ranar da mai kwal zai kwana ana share masa ciki. Daga baya kawunan General Motors na Amurka suka biyo. Yaƙin basasan Najeriya na 1967 zuwa 1970 ya datse hanyar kwal ɗin Inugu, abin da ya ƙara gaggauta sauyin, kuma a shekarun 1970 aka yi ta jingine masu kwal, ana shigo da sababbi na dizal daga Kanada da kamfanin General Electric.

Talaka ya ga canjin a jikinsa. Jirgin Nguru jirgin masu ƙaramin ƙarfi ne: 'yan ci-rani da buzunsu da gorar ruwa, fatake da buhunan wake da fatu, almajirai, mata masu zuwa biki. A zamanin kwal, wanda ya leƙa taga sai garwashi ya faɗa masa a ido ko ya huda masa riga. Da dizal ya zo, farar riga takan isa Kano ba ta yi baƙi ba, ƙurar hunturu kawai za a kakkaɓe. Shanun da aka sayo a kasuwar Alhamis ta Maigatari, da yawansu daga Nijar suka fito, su ma jirgi ya rage musu doguwar tafiyar ƙafa zuwa Kudu.

Abin da ke ci mini rai a wannan tarihi shi ne dizal ya zo da nasa sharaɗin, kuma ba a cika shi ba. Kan jirgi mai kwal, maƙeran reluwe a Zariya da Ebute Metta suna iya ƙera masa yawancin abin da ya lalace. Mai dizal kuwa famfon mai, bakin allurar mai, wayoyin janareta, matatar iskar da ƙura ke toshewa, duk sai an yi odarsu daga ƙasar da ta ƙera shi. Da aka tara kawuna daga kamfanoni daban-daban, kayan wannan ba ya shiga wancan. In ɗaya ya tsaya, sai a kwance shi a gyara ɗan'uwansa, a bar gangar a yadi ciyawa ta rufe ta.

A daidai lokacin kuma gyaɗar ta gudu. Nijar ta kafa kamfanin SONARA a 1962 don cinikinta, har aka gina matatsar man gyaɗa a Magariya, sai farin 1973 da 1974 ya auko, cutar da ta nannaɗe ganyen gyaɗa ta biyo a 1975. Manoma suka koma gero da wake. Kwalta ta miƙe, tireloli suka karɓe sauran kayan. Najeriya ta ɗauko ƙwararrun Indiya suka riƙe hukumar jiragen ƙasa daga 1979 zuwa 1982, ta sayo kawuna daga Sin a zamanin Abacha, ta ƙaro 25 na General Electric a 2010. Kowane karo jirgi yakan motsa na ɗan lokaci, sa'an nan ya lafa.

A Nijar, dogon da kamfanin Bolloré ya shimfiɗa tsakanin Yamai da Doso daga 2014 zuwa 2016 bai shiga jigila ba. Wanda ya shafi wannan yanki shi ne layin Kano zuwa Maraɗi, da aka ƙaddamar da aikinsa a watan Fabrairun 2021 a hannun kamfanin Mota-Engil, kilomita kusan 284 ta Kazaure, Daura, Katsina da Jibiya. Daura ba ta da nisa da yammacin Magariya, don haka masu wake, riɗi da dabbobi suna da dalilin sa ido. Tambayar da nake so wakilansu su riƙa yi tun yanzu ita ce ina za a gina ma'aikatar gyaran kawunan, su wa za a koya wa aikin, kuma a kasafin wa kuɗin kayan gyara zai riƙa fitowa kowace shekara.