Suturar Mata da Kayan Ado a Lokacin Kaka da Hunturu: Kujama da Kudancin Kaduna

A lissafin Bahaushe shekara ta kasu gida huɗu: bazara, damina, kaka da hunturu, wanda wasu ke kira ɗari. Kaka ita ce tsakanin ɗaukewar ruwan sama da kankamar sanyi, wato daga wajajen watan Oktoba zuwa Nuwamba, lokacin da amfanin gona ya nuna aka shiga girbi. Ita ce ta yi daidai da yanayin da ƙasashen Turai ke shiga daga ranar 22 ko 23 ga Satumba zuwa 21 ko 22 ga Disamba, wanda manyan gidajen ɗinki na Faransa da Italiya da Ingila ke baje kolin tufafinsa tun watannin Fabrairu da Maris. Sai dai kakar Turai damshi ce da yayyafi da sanyi mai ƙaruwa kullum, tamu kuwa bushewa ce da ƙura da sanyin asuba wanda rana ke kora kafin azahar. Saboda haka ƙa'idar sutura a wannan lokaci ita ce mace ta sa abin da za ta iya ragewa idan rana ta take, ta mayar idan ta faɗi, wanda kuma zai jure ƙura da yawan wanki.

Wuri da yanayi

Kujama ita ce hedikwatar Ƙaramar Hukumar Chikun a Jihar Kaduna. Tana kan hanyar da ta tashi daga birnin Kaduna ta nufi Kachia da Zonkwa har zuwa Kafanchan, garin da ya zama mahaɗar layin dogo tun shekarun 1920. Ƙasar Gbagyi ce tun asali, amma a yau Hausawa da Fulani da Adara da Bajju da Atyap da sauran al'ummomi suna zaune tare a cikinta, kuma Hausa ce harshen kasuwa. Wannan cuɗanya ta sa a rana guda ana ganin mace da hijabi har ƙasa, wata da riga da siket na atamfa da gwaggwaro, wata da zane da riga da gyale, duk a bakin titi ɗaya.

Damina ta fi daɗewa a kudancin Kaduna fiye da Kano ko Katsina, domin ruwa kan fara a watan Afrilu ya kai Oktoba. Da ya ɗauke sai busasshiyar iska daga hamadar Sahara ta fara kaɗawa daga arewa maso gabas. A farkon kaka akwai raɓa da safe da zafi da rana. A Disamba da Janairu kuwa sanyin asuba kan sauka ƙasa da digiri 15 a wasu ranaku, musamman a garuruwan da ke gindin duwatsu irin su Kagoro, amma da tsakar rana zafi ya haura digiri 30. Wannan tazara ta cikin yini guda ita ce ke wahalar da mai zaɓen kaya.

Asalin ado a yankin

Kwalliya tsohuwar al'ada ce a wannan ƙasa. A ƙauyen Nok da ke Ƙaramar Hukumar Jaba aka fara tono mutum-mutumin yumɓu a 1928 wajen haƙar kuza, kuma sunan ƙauyen ne aka raɗa wa wayewar da ta samar da su fiye da shekara 2,000 da suka wuce. Waɗannan siffofi suna ɗauke da kitso mai tsari da duwatsun wuya jere-jere da awarwaro a hannu da ƙafa. Har yau duwatsun ado da zane mai rinin shuni suna fitowa a ranakun bikin gargajiya, kamar bikin Afan da ake yi a Kagoro ranar 1 ga Janairu kowace shekara.

Atamfa kuwa baƙuwa ce da ta zama 'yar gida. Kamfanin Vlisco na ƙasar Holan, wanda aka kafa a 1846, yana cikin waɗanda suka yaɗa ta a Afirka ta Yamma, shi ya sa mata ke kiran mai tsadarta da sunan ƙasar. Daga baya Kaduna ta zama cibiyar saƙa. An buɗe masaƙar KTL a Kakuri a 1957, a zamanin Sardauna Ahmadu Bello, sannan Arewa Textiles da UNTL suka biyo baya a shekarun 1960. KTL ta rufe a 2002, UNTL ta dakatar da aiki a 2007, kuma tun daga lokacin mafi yawan atamfar da ke kasuwa daga waje take shigowa, galibi daga ƙasar Sin, ta biyo ta Kantin Kwari a Kano ko kasuwannin Legas kafin ta iso Kaduna da Kafanchan. Wannan ne ya sa sanin ingancin yadi ya zama wajibi ga mai saye.

Zaɓen yadi

Auduga ce ta fi dacewa da kaka. Tana tsotse gumin rana, tana barin iska ta ratsa, ba ta kuma manne wa jiki idan iska ta bushe, saɓanin yadin roba da ke tara zafi da rana. Atamfa mai kauri da shadda da saƙi su ne na gaba a wannan lokaci. Leshi mai huji-huji yana buƙatar shafi mai kauri idan za a fita da shi da sassafe ko da dare. Karammiski yana da ɗumi, ya dace da bikin dare, amma yana kama ƙura ƙwarai.

Akwai hanyoyi masu sauƙi na gane yadi. Atamfar kirki launinta kusan ɗaya ne ciki da waje, ta bugu kuwa bayanta fari-fari yake. Idan aka zare zare ɗaya daga bakin yadi aka ƙona, na auduga yana ƙaurin takarda ya bar toka mai laushi, na roba kuwa narkewa yake yi ya dunƙule ya yi tauri. Yadin da ya cika sheƙi da ƙarfi a kanti sau da yawa sitaci ne ya tsayar da shi, wanki ɗaya zai tona asirinsa. Turmin atamfa yadi 6 ne, yana isar riga da zane da ɗankwali, ko doguwar riga da ɗankwali har a sami ragowa.

Launi

Ƙura iri biyu ce a wannan yanki: farar ƙurar hazo da iska ke kawowa, da jar ƙasar hanyoyin da ba a shimfiɗa wa kwalta ba. Fari yana nuna ja, baƙi wuluk yana nuna farar. Launukan da suka fi rufa asiri su ne na tsakiya, irin su ruwan ƙasa, ruwan goro, makuba, kore mai duhu, shuɗi da ruwan toka. Atamfa mai cikakken zane ta fi yadi mara zane ɓoye ƙura. Mai son fari ko ruwan hoda sai ta ajiye shi don taron da za a yi a cikin ɗaki, ko ta sa shi a ɗankwali maimakon zane da ke sharar ƙasa.

Wajen haɗa launi, abin da teloli suka saba shi ne a ɗauki launi ɗaya daga cikin zanen atamfa a nemi mayafi da takalmi da jaka masu kama da shi. Idan atamfar ta cika hayaniya, mayafin ya zama mara zane. Idan yadin mara zane ne, sai a ƙawata shi da aikin wuya ko sarƙa.

Haɗa sutura daga safe zuwa dare

Hanyar da ta fi sauƙi ita ce hawa uku. Na farko 'yar ciki ta auduga da dogon wando mai laushi a ƙarƙashin zane ko siket. Na biyu kayan fita, kuma ɗinki mai dogon hannu ko mai hannu har gwiwar hannu ya fi. Na uku abin da za a cire: rigar sanyi mai maɓalli a gaba, ko mayafi mai kauri, ko zane na biyu da ake yafawa a kafaɗa kamar yadda iyaye mata suka saba. Rigar sanyi mai buɗewa ta gaba ta fi wadda ake zurawa ta kai, domin ana cire ta ba tare da an kwance ɗaurin ɗankwali ba.

Ma'aikaciya ko malamar makaranta da ke fita da ƙarfe 7 na safe tana iya sa doguwar riga ta atamfa da 'yar kwat mara nauyi. 'Yar kasuwa da mai zuwa gona, musamman a yankunan Kachia da Jaba da Kagarko inda ake haƙar citta a wannan lokaci, sun fi buƙatar tsohuwar atamfa mai ƙwari da safa da takalmi rufaffe. Mai sa hijabi tana iya sa rigar sanyi a ƙarƙashinsa, ta zaɓi hijabin yadi mai ɗan kauri da safe.

Kayan ado

Ɗankwali da kallabi suna kare gashi daga ƙura, suna kuma rufe kunne daga iska. Gwaggwaro na biki ne, kuma da yake yana barin wuya da kunne a buɗe, ana haɗa shi da mayafin kafaɗa idan taron zai kai dare. Sarƙa da 'yan kunne da awarwaro na ƙarfe mai arha sukan sa ƙaiƙayi idan fata ta bushe, don haka azurfa ko zinariya ko murjani da sauran duwatsu sun fi. Idan wuyan riga yana da aiki mai yawa, 'yan kunne da zobe sun wadatar. Jaka mai zif ta fi buɗaɗɗiya, kuma yana da kyau ta ɗauki man leɓe da hankici da takunkumin hanci. Takalmin fata rufaffe yana hana kaushi da faso, amma fatar tana son a riƙa shafa mata mai don kada ta tsage.

Fata da gashi da lalle

Man kaɗanya, wanda ake samu da yawa a wannan yanki, da man alayyadi da basilin su ne abin dogaro. An fi cin moriyarsu idan aka shafa da zarar an fito wanka, jiki da sauran danshi. Ruwa mai zafi sosai da sabulu mai kaifi suna ƙara busar da fata. Kitson da ke tattare bakin gashi, kamar shuku, ya fi dacewa, a riƙa kuma shafa mai a tsagar kai. Mayukan sauya launin fata suna sa fata ta yi siriri ta riƙa tsagewa, kuma hukumar NAFDAC ta sha gargaɗi a kan masu ɗauke da sinadarai masu cutarwa.

Jan lalle na ganye ba shi da illa ga yawancin mutane, amma baƙin lalle da ake haɗawa da rinin gashi yana iya tayar da ƙuraje ko ya ƙona fata, don haka a gwada shi a ɗan wuri tukuna. Kwalli na dutse yakan ƙunshi dalma. A 2012 hukumar yaƙi da cututtuka ta Amurka ta ba da rahoton wani jariri da aka samu da gubar dalma a jininsa saboda kwallin da aka kai daga Nijeriya. Bai kamata a sa wa jarirai irinsa ba.

Anko da kasuwa da tela

Kaka lokacin kuɗi ne a hannun manoma, shi ya sa bukukuwan aure ke yawaita daga Nuwamba zuwa Janairu, ga Kirsimeti da sabuwar shekara da tarukan ƙungiyoyin gari. Ƙungiyoyin zumuntar mata na majami'u suna da atamfarsu ta bai ɗaya, dangin amarya da na ango kuma kowa da ankonsa. Mace ɗaya tana iya samun gayyata uku ko huɗu a wata guda, kuma a nan ne da yawa ke faɗawa bashi, alhali zanen aro ba ya rufe katara. Mafita ita ce a zaɓi ankon da ya zama dole, a yi masa ɗinkin da za a ci gaba da sawa bayan biki, sauran kuma a halarta da kayan da ake da su masu launi makamanci.

Farashin yadi da na rigunan sanyi yana hawa idan Disamba ta ƙarato. Masu saye daga Kujama sukan shiga Kasuwar Sheikh Abubakar Gumi a tsakiyar Kaduna don atamfa da leshi, ko Kasuwar Barci a Tudun Wada don rigunan sanyi na gwanjo. Saye a Oktoba ya fi sauƙi, haka ma kai ɗinki, domin teloli suna cika da aiki a makonnin ƙarshe na shekara, ga matsalar wutar lantarki. A yi ciniki a kan kuɗin ɗinki da ranar karɓa tun farko, a kuma bar mako guda na gyara kafin ranar biki. Kayan gwanjo a wanke su a shanya a rana a goge kafin a sa.

Abubuwan kiyayewa

Hijabi da gyale da rigunan sanyi na roba suna saurin kama wuta, kuma idan sun kama narkewa suke yi su manne a fata. A cire su ko a ɗaure su kafin a matsa kusa da murhu ko kaskon gawayi da ake jin ɗumi. Mai hawa babur ta tattare gyalenta da bakin hijabinta ta riƙe a cinya, domin ƙafar babur tana iya naɗe su ta fizgo ta ƙasa. Masu ciwon asma su rufe hanci a ranakun da hazo ya yi kauri.

Wanki da adanawa

A wanke atamfa da ruwan sanyi da sabulu mara ƙarfi, a juya cikinta waje, a shanya a inuwa don kada ta koɗe, a kuma kwashe da zarar ta bushe kafin ƙura ta sauka a kanta. Rigar ulu ba a matse ta da ƙarfi ba a kuma rataye ta, shimfiɗa ta ake yi. Idan bazara ta shigo a watan Maris, a wanke kayan sanyi a tabbatar sun bushe sarai, a ninke su a akwati tare da maganin asu, domin damshin damina mai zuwa yana sa kayan da aka ajiye da datti su yi fumfuna.