Rumbun Allo: Yadda Kwamfuta Ta Koyi Riƙe Hoto

Duk wanda ke karanta wannan rubutu a wayarsa, idonsa na kan ƙananan ɗigogi ne na haske, dubbai bisa dubbai, an jera su sahu-sahu. Kowane ɗigo yana da gurbinsa a ƙwaƙwalwar na'urar, inda aka ajiye launinsa da lamba. Wannan sashe na ƙwaƙwalwa shi Turawa ke kira firem bafa. Mu kuwa za mu kira shi rumbun allo, domin a cikinsa ake tara hoto, daga cikinsa allo ke ɗiba. Yau ba mai tunawa da shi, alhali akwai zamanin da masana ke ganin gina shi almubazzaranci ne.

Allon farko na kwamfuta kwalba ce irin ta tsohuwar talabijin. Wani siririn tsinken lantarki ke bugun fuskar kwalbar daga ciki, wurin da ya buga ya yi haske, kafin ƙiftawar ido hasken ya dushe. Saboda haka dole a maimaita zanen sau da yawa cikin daƙiƙa ɗaya, kamar mai rubutu da ruwa a kan dutse mai zafi. A 1963 Ivan Sutherland ya nuna manhajarsa ta Sketchpad a jami'ar MIT ta Amurka, inda mutum ke zana layi da da'ira a kan allo. A irin allunan wancan zamani kwamfuta ba ta riƙe hoton kansa, sai jerin umarni: je nan, haska can. Idan zanen ya yi yawa, tsinken ba ya gama zagayensa kafin farkon ya dushe, sai allo ya kama rawa. Cike fili da launi ko nuna fuskar mutum kuwa, wannan ya fi ƙarfinsu.

Allunan ofis kuma haruffa kaɗai suka sani, yawanci layi 24, kowane layi harafi 80. Siffar kowane harafi an riga an dasa ta cikin na'urar tun daga masana'anta, bisa tsarin ASCII na 1963 mai gurbi 128, wanda aka yanka daidai wuyan Ingilishi. Abin da ba a dasa ba, ba ya fitowa.

Dabarar ba wa kowane ɗigo gurbinsa ba baƙuwa ba ce. Tun ranar 21 ga Yuni 1948, kwamfutar da Freddie Williams da Tom Kilburn suka harhaɗa a Manchester ta Ingila tana nuna abin da ke ƙwaƙwalwarta a matsayin ɗigogi 32 a tsaye, 32 a kwance. Abin da ya tsare hanya shi ne tsada. Ƙwaƙwalwar shekarun 1960 ƙananan zobba ce ta maganaɗisu, ana zura musu waya da hannu, kowane zobe na riƙe da bit ɗaya, wato i ko a'a. Mu yi lissafi: hoto mai ɗigo 640 a kwance da 480 a tsaye ya ƙunshi ɗigo 307,200. In ana son launi 256, kowane ɗigo zai ci bit 8. Ko da guntun Intel 1103 ya fito a 1970 ɗauke da bit 1,024, sai an tara irinsa 2,400 kafin a riƙe hoto ɗaya tak. Duk da haka, a ƙarshen shekarun 1960 masu bincike a Bell Labs, cikinsu har da Michael Noll, sun gwada haɗa ƙwaƙwalwa da allon talabijin.

Wanda ya kai abin ga gaci shi ne Richard Shoup, a cibiyar binciken kamfanin Xerox da ke Palo Alto a Kalifoniya, wadda aka fi sani da PARC. Ya cika faranti 16 da guntaye masu riƙe kimanin bit 2,000 kowanne, ya sami gurbin bayit sama da 300,000. Guntayen nan ba a shiga cikinsu kai tsaye. Lambobin suna zagayawa ne a jere ba tsayawa, mai son sauya ɗigo ɗaya sai ya jira ɗigon ya zo wucewa. A watan Afrilun 1973 na'urar, wadda ya raɗa wa suna SuperPaint, ta kama hotonta na farko daga kyamara. Daga nan mutum ya iya ɗaukar alƙalamin lantarki ya zaɓi launi, ya shafa, ya goge, ya ajiye.

Sai dai Xerox kamfanin injin kwafin takardu ne, idonsa na kan baƙin rubutu bisa farar takarda. Alvy Ray Smith, wanda ya zo ya yi aiki da na'urar Shoup a 1974, ya sha ba da labarin yadda aka sallame shi a farkon 1975 bisa cewa kamfanin ba zai bi hanyar launi ba. Rashin sani, kaza ta kwana a kan dami. Smith ya nufi New York Institute of Technology, inda Alexander Schure ke zuba dukiya a harkar zanen kwamfuta ƙarƙashin Ed Catmull. Can suka sayi rumbunan da kamfanin Evans & Sutherland ya fara sayarwa a tsakiyar shekarun 1970, masu ɗigo 512 sau 512, suka haɗa uku wuri ɗaya: ja, kore da shuɗi. Hakan ya ba da bit 24 ga kowane ɗigo, launi sama da miliyan 16. Catmull da Smith su ne suka kafa Pixar a 1986. Shoup kuwa ya bar Xerox a 1979, bayan an yi amfani da SuperPaint wajen bayyana wa masu kallon talabijin tafiyar kumbon Pioneer Venus na hukumar NASA. A 1998 shi da Smith da Tom Porter suka karɓi lambar yabo ta fasaha daga hukumar da ke ba da kyautar Oscar.

A cibiyar ta PARC ɗin dai, a shekarar 1973, Chuck Thacker da Butler Lampson da abokan aikinsu suka gina kwamfutar Alto. Allonta a tsaye yake kamar shafin takarda, ɗigo 606 sau 808, kowane ɗigo baƙi ko fari. Wannan ya ci kimanin bayit 61,000, kusan rabin ƙwaƙwalwar na'urar baki ɗaya, alhali allon haruffa na ofis bayit 1,920 sun ishe shi. A nan ne aikin babbar manhajar da ke tafiyar da kwamfuta ya sauya. Tunda allo ya zama fili a cikin ƙwaƙwalwa, dole a sami mai rabon fili. A 1975 Dan Ingalls ya rubuta dabarar BitBLT, wadda ke kwafe murabba'in ɗigogi daga wani gurbi zuwa wani cikin sauri. Da ita ake buga harafi, da ita ake ɗora taga kan taga, a kuma mayar da abin da taga ta rufe idan an janye ta. Steve Jobs ya ga wannan a Disambar 1979, kuma Macintosh ta 1984 ta fito da allo mai ɗigo 512 sau 342 bisa wannan tafarki.

A nan tarihin ya taɓo mu. Daga ranar da harafi ya zama zane na ɗigogi, allo ya daina tambayar ko harafin na wace al'umma ne. Larabci mai tafiya daga dama zuwa hagu, mai sauya siffa a farko da tsakiya da ƙarshen kalma, ya sami hanya; haka ajaminmu, haka ɓ da ɗ da ƙ na boko. Amma rumbu kaɗai bai wadatar ba, sai an ba kowane harafi lambarsa da duniya ta yarda da ita. Joe Becker na Xerox, wanda ya yi aikin sa kwamfutar Star ta rubuta harsuna daban-daban, yana cikin waɗanda suka assasa tsarin Unicode da ya fito a 1991.

Saboda haka idan muka rubuta "kasa" muna nufin "ƙasa", ko "bata" a madadin "ɓata", laifin ba na allo ba ne kuma. Rumbu a buɗe yake tun tuni; saura mu saka haruffanmu a wayoyinmu, mu koya wa yaranmu amfani da su. Mu kwana nan, sai a rubutu na gaba in Allah Ya kai mu.