Tsarabar Littafi: Daga Shagunan Makka da Misra Zuwa Zaurukan Ƙasar Rano

A ƙarshen shekarar 1826 Baturen nan mai yawon duniya, Hugh Clapperton, wanda mutanen ƙasar nan suke kira Abdullahi, ya dawo wurin Sarkin Musulmi Muhammadu Bello karo na biyu. Cikin kayan gaisuwar da ya kawo akwai littattafan Larabci bugun Turai, har da na Iƙlidisu, masanin lissafin nan na Yunanawan dā. Littafin bai zama baƙo ga Sarkin Musulmi ba. Ya shaida wa Baturen cewa da ma suna da shi a gida, wani ɗan'uwansu ne ya samo shi a Makka, sai dai gobarar da ta ci wani sashe na gidan a shekarar da ta gabata ta haɗa da shi.

A tsaya a duba wannan ɗan'uwa. Ya ƙetare Borno da Wadai da Darfur, ko kuwa ya bi ta hamada, tafiyar da kan ci shekaru, wasu ma ba sa dawowa. Ya sauke farali, sannan ya shiga neman littafi, ya ɗora wa raƙuminsa nauyin takarda a inda wani zai ɗora alharini. Irinsa suna da yawa a tarihinmu, kuma kaso mai tsoka na ilimin da ke ƙasar Hausa a cikin kayansu ya iso.

Marubucin tsohon Tarihin Kano ya ba zuwan littafi muhimmanci irin wanda ya ba yaƙi da naɗin sarauta. Ya ce a zamanin Sarki Yakubu, tsakanin 1452 da 1463, Fulani suka zo daga Mali da littattafan tauhidi da na lugga, alhali kafin nan malaman Kano Alƙur'ani da fiƙihu da hadisi suke da su. A zamanin Muhammadu Kisoke kuma wani Shehu daga Tunis ya kawo Ashafa, Shehu Abdussalami ya zo da Mudawwana da Jami'us Sagir da Samarƙandi. Littafi ɗaya ya isa a rubuta sunan mutum a tarihin gari, domin daga wannan kwafi ɗaya marubuta za su juyi goma, goman su haifi ɗari.

Namu ma sun fita nema. Tun cikin shekarun 1240 mutanen Kanem suke da makaranta da masauki a Alƙahira, daga baya kuma Barebari suka samu sashensu na ɗalibai a Azhar. Muhammadu ɗan Muhammadu Alkashinawi, Bafulatanin Katsina gwanin hisabi, ya yi hajji ya zauna a Alƙahira, ya rasu a can a 1741 a gidan Hasan Aljabarti, mahaifin shahararren marubucin tarihin Misra, kuma ya bar wa Hasan ɗin littattafansa. Malam Jibrilu ɗan Umaru, malamin Shehu Usmanu, ya sadu da Murtala Azzabidi mai ƙamus ɗin Tajul Arus a wannan birni. Hatta takardar da ake rubutu a kai baƙuwa ce: mai tambarin jinjirin wata uku, wadda ake yi a arewacin Italiya, ta biyo fatake ta Tarabulus da Misra zuwa kasuwar Kurmi.

Abin da ya sauya lissafi shi ne injin ɗab'i. Muhammadu Ali Basha ya kafa maɗaba'ar Bulaƙ a Alƙahira wajen 1820. A 1859 iyalin Albabi Alhalabi, mutanen Sham, suka buɗe tasu kusa da Azhar, wadda daga baya ta rabu gida biyu, na Mustafa da na Isa. Su ne suka cika duniyar Musulmi da littattafan nan masu rawayar takarda, matani a tsakiya, sharhi a gefe, sau da yawa warƙa-warƙa ba ɗinki, yadda ɗalibi zai zari 'yan ganyen da zai biya yau ya bar sauran a gafaka. A Makka kuwa masu sayar da littattafai sun yi sahu a bakin Babus Salam, ƙofar da baƙo kan shiga Harami ta cikinta, har zuwa lokacin da aikin faɗaɗa masallaci da aka soma a 1955 ya tashe su.

Alhajin ƙasar Rano da ya taso daga Yalwa ko Rurum ko Kibiya a farkon ƙarnin da ya wuce ba jirgi ya hau ba. Ya bi ta Kano zuwa Borno, ya shiga Fort Lamy, wato Injamena ta yau, ya wuce Abeshe da Aljunaina da Alfashir har Al'ubayyid, inda layin dogo ya iso tun wajen 1912. Yakan tsaya ya yi ƙwadago a gonakin audugar Jazira ya tara kuɗin jirgin ruwa daga Sawakin zuwa Jidda. Mutumin da ya sha wannan wahala, in ya tsaya gaban mai littattafai, ba ya saye da ka. Yana tafe da sallahun malaminsa: a nemo masa Jalalaini, ko sharhin Muhtasar, ko Muwaɗɗa. Ya san kuma kowane mujalladi a ka ko a bayan jaki zai koma gida. Shi ya sa har yau in ka ji dattijon malami ya ce littafinsa bugun Misra ne, to yabo yake yi.

Ƙasar Rano ta san fatauci tun fil azal. Rano ɗaya ce daga Hausa Bakwai, ita da Kano ake wa laƙabi da sarakunan baba saboda rini, kuma kudancin Kano ƙasa ce ta saƙa da marina wadda tufafinta suka kai har hamada. Hanyar da ta fitar da baƙin yadi ita ta shigo da takarda. Malamin ƙauye wanda bai taɓa wuce birni ba yana karantar da Ahalari da Ishmawi da Iziyya da Risala, amma in tambaya ta yi tsauri, babban littafin da zai jawo daga adaka na wani matafiyi ne.

Sai dai akwai matsala ɗaya da 'yan kasuwar Kano suka gano da wuri. Almajirin tsangaya da ƙira'ar Warshu ya tashi, da kuma rubutunmu mai kauri na gida. Bugun Gabas kuwa siririn rubutu ne, Alƙur'aninsa kuma Hafsu ne, idon gardi ba ya sakewa da shi. Dabarar da suka yi tana burge ni ƙwarai. Maimakon su tilasta wa mai saye ya sauya ido, sai suka sa gwanayen marubuta irin su Sharu Bala Gabari suka rubuta da hannu, aka ɗauki hoton rubutun aka buga dubbai. Daga nan mai shiga shagon waje ya tashi daga mai saye ya koma mai ba da aiki. Duba bangon tsofaffin littattafai na shekarun 1950 da 1960, za ka ga an rubuta cewa an buga a Alƙahira da kuɗin wani attajirin Kano, sunan da ya fi yawan fitowa kuwa shi ne Alhaji Abdullahi Yassar. Ta wannan hanya rubuce-rubucen Shehu Abubakar Atiku na Sanka suka fita daga Misra. Tafsirin Malam Abdullahin Gwandu, Liya'ut Tawili, an buga shi a Alƙahira a 1961, Infaƙul Maisuri na Muhammadu Bello ya biyo baya a 1964. Littattafan da aka wallafa a Gwandu da Sakkwato sai da suka je bakin Nilu kafin su wadaci mutanen gida.

Jirgin sama ya rage tafiyar shekaru ta koma ta sa'o'i, Bairut ta shigo da littattafai masu bango mai ruwan zinari, har fassarar Alƙur'ani ta Shehu Abubakar Gumi a can aka buga ta a 1979. Maɗaba'ar Sarki Fahad da aka buɗe a Madina a 1984 tana ba alhazai kyautar Alƙur'ani idan za su koma gida. Alheri ne babba, amma kyauta daban, zaɓi daban. Wanda aka miƙa wa littafi a filin jirgi bai tsaya ya buɗa wannan ya ajiye wancan ba, bai tambayi mai shago wane sharhi ya fi ba, bai ci karo da littafin da bai san akwai shi ba. A ganina nan ne asarar take. A 2025 kujerar hajji ta haura naira miliyan 8. Yau guzuri ya ƙaranta, awon kaya ya tsananta, kuma matasa suna cewa komai yana cikin waya. Gaskiya ne akwai littattafai a waya, sai dai waya abin da ka nema take kawo maka.

Shagunan ba su mutu ba. Suna nan a lungunan bayan Azhar, 'yan gwanjon littattafai na Azbakiyya suna nan, ana kuma cin kasuwar baje kolin littattafai ta Alƙahira tun 1969. Ɗaliban Kano da ke karatu a Misra da Madina, da 'yan kasuwar da ke zirga-zirga, da alhazan bana, kowa ya ware wa littafi kilo biyu a jakarsa, ko na addini ne ko na likitanci ko na noma. Magadan malamai kuma a Yalwa da Rano da Kibiya, ku buɗe adakokin iyayenku tun gara da ɗigar damina ba su riga ku ba. Ku rubuta sunan kowane littafi da inda aka buga shi da wanda ya kawo shi, ku kai labari Gidan Ɗan Hausa ko Jami'ar Bayero a Kano, ko Arewa House a Kaduna, a ɗauki hotonsa a adana.