Tarihin Gano Yadda Jini Ke Kewaya Jiki: Daga Jalinusu Zuwa Harvey

A yau ko ɗan makarantar sakandare ya san cewa zuciya tana da ɗakuna huɗu, kuma tana bugawa kamar sau 70 a minti ɗaya. Ɓangarenta na dama yana tura jini zuwa huhu domin ya sha iska, na hagu kuma yana tura shi zuwa sauran sassan jiki, sannan ya komo. Abin da ba kowa ya sani ba shi ne, an shafe fiye da shekara dubu ana karantar da akasin haka. Manufar wannan maƙala ita ce ta bi diddigin yadda aka gyara wannan kuskure.

Tushen tsohon ra'ayin shi ne Jalinusu, likitan nan Bagirke da aka haifa a shekarar 129 Miladiyya. A ganinsa, hanta ce ke sarrafa abinci ya zama jini, jijiyoyi su kai wa gaɓoɓi, su kuwa su shanye shi. Ya kuma ce akwai waɗansu 'yan ramuka da ido ba ya gani a jikin shamakin da ya raba zuciya biyu, ta nan jini ke tsallakawa daga dama zuwa hagu. Saboda girmansa a idon masana, Larabawa da Turawa suka yi ta kwafar wannan magana.

Wanda ya fara musanta ta shi ne Ibn al-Nafis, mutumin Sham da ya yi aikin likita a Alƙahira, ya rasu a 1288. A cikin sharhin da ya yi wa littafin Alƙanun na Ibn Sina wajen 1242, ya nuna cewa shamakin nan mai kauri ne, ba shi da rami ko ɗaya. Don haka tilas jini ya bi ta huhu, ya gauraya da iska, kafin ya isa ɓangaren hagu. Sai dai wannan bayani bai yaɗu ba. Sai a 1924 wani likita Bamisire, Muhyiddin al-Tatawi, ya ci karo da kwafen littafin a wani ɗakin karatu na birnin Balin, ya sanar da duniya.

A Turai kuwa, Servetus ya kawo irin wannan bayani a 1553 cikin wani littafin addini, wanda a kansa aka ƙone shi a Janiba a wannan shekara. Bayansa Colombo ya sake tabbatar da shi a Italiya a 1559.

Duk waɗannan sun tsaya ne a kan tafiyar jini tsakanin zuciya da huhu. Wanda ya gano kewayen gaba ɗaya shi ne William Harvey, likita daga Ingila wanda ya yi karatu a Padua. Malaminsa Fabricius ya riga ya bayyana 'yan ƙofofin da ke cikin jijiyoyi, amma bai fahimci aikinsu ba. Harvey ya ɗaure dantsen mutum, ya danna jijiya da yatsa, ya ga ƙofofin ba su barin jini ya tafi ko'ina sai wajen zuciya. Sannan ya yi lissafi, ya ga jinin da zuciya ke fitarwa cikin rabin sa'a ya zarce duk jinin da ke jiki, hanta kuwa ba ta iya samar da wannan adadi. Ashe ke nan jini ɗaya ne ke zagayawa. Ya buga littafinsa a Jamus a 1628.

Abu ɗaya ya rage masa, wato mahaɗar jijiyoyin da ke fita da masu komowa. Harvey ya rasu a 1657 bai gan ta ba. A 1661 Malpighi ya duba huhun kwaɗo da madubin ƙara girma, ya ga siraran jijiyoyin da suka fi gashi siranta, waɗanda ke haɗa su.

Daga ƙarshe, akwai jan aiki a gaban malaman Hausa. Kalmar jijiya ita muke kiran mai fitar da jini daga zuciya, da mai komar da shi, har ma da wadda ke kai saƙon ƙwaƙwalwa. Muddin ba mu tsayar wa kowacce sunanta ba, zai yi wuya ɗalibi ya gane bambancin da waɗannan masana suka sha wahala kafin su tabbatar.