Ƙudan Zaitun da Tarihin Maganinsa

Itacen zaitun, wanda Allah Maɗaukakin Sarki Ya rantse da shi a cikin Alƙur'ani, Ya kuma siffanta shi da albarka, yana da wani maƙiyi da ya addabi manoman gaɓar Bahar Rum tun zamanin Yunanawa da Rumawa, shi ne wani ƙuda wanda bai kai ƙudan gida girma ba, macensa takan huda fatar ɗan itacen ta saka ƙwai, tsutsa ta ƙyanƙyashe a ciki tana ci a ɓoye, har man da za a tatsa ya yi tsami, darajarsa ta faɗi.

A farkon ƙarni na 20 masana a Italiya, cikinsu har da Antonio Berlese, suka yi hikimar gauraya baƙin ruwan rake mai zaƙi da gubar arsenik, a yayyafa a kan rassa, domin ƙudan ya lasa ya mutu tun bai yi ƙwai ba. Da DDT ya bayyana, wanda Paul Müller ya gano ƙarfinsa a 1939, sai aka yi zaton an huta, alhali kuwa a nan ne mas'alar ta fito fili, domin wannan guba ɗabi'arta narkewa cikin mai, shi kuwa zaitun mai ne amfaninsa, saboda haka abin da aka fesa wa ƙuda sai ya iske mutum a akushinsa. Wannan ne sababin da ya sa wani maganin ƙwari mai suna dimethoate ya mallaki gonakin Italiya da Girka da Sifen shekaru masu yawa, kasancewar yana ratsa ɗan itacen ya halaka tsutsar, kuma idan an zo tatsa, galibinsa yakan bi ruwa ya bar man. Lalle wannan dabara ce ta ilimi wadda ta cancanci yabo, ko da yake ƙudan zuma sun sha wuya a dalilinta, shi ma ƙudan zaitun ya fara jure mata a Girka, daga baya kuma Tarayyar Turai ta janye izinin amfani da dimethoate a 2019.

Yanzu an koma ga tafarkin Berlese, ana sa spinosad, wanda ake samu daga wata ƙwayar halitta ta cikin ƙasa, a cikin abincin tarko, wasu kuma suna fesa farar ƙasa ta lulluɓe 'ya'yan har macen ta ƙi sauka a kansu, sai dai ruwan sama yakan wanke ta, dole a sake fesawa, kuma nauyin wannan wahala a kan ƙaramin manomi yake sauka.