Daga Hannun Maradona Zuwa Hannun Rojo: Tarihin VAR

Ranar 22 ga Yuni 1986, a filin Azteca na birnin Meziko, Diego Maradona ya daka tsalle ya tura ƙwallo ragar Ingila da hannu. Duniya ta gani a talabijin, amma alƙalin wasa Ali Bin Nasser, ɗan Tunisiya, bai gani ba. A wancan zamani idan alƙali ya busa usur magana ta ƙare, wanda aka zalunta sai dai ya haɗiye.

Haka aka ci gaba da tafiya har 2009, lokacin da Thierry Henry ya tare ƙwallo da hannu ya miƙa wa William Gallas, Faransa ta hana Ireland zuwa Kofin Duniya. Shekara ta zagayo, a Bloemfontein, bugun Frank Lampard na Ingila ya tsallake layin ragar Jamus ƙuru-ƙuru, aka ce ba ta shiga ba. Shugaban FIFA Sepp Blatter ya nemi afuwa, kuma a 2012 aka amince da na'urar tantance shigar ƙwallo raga.

VAR kuwa, wato tsarin alƙalin bidiyo, a Holan aka raine ta. Hukumar ƙwallon ƙasar ce ta fara gwajin ajiye wani alƙali gaban allo yana sake duba hoton bidiyo, kuma a Satumbar 2016, a wasan Ajax da Willem II, aka mayar da katin gargaɗi jan kati bisa shawararsa. A Maris 2018 hukumar IFAB, mai tsara dokokin wasan, ta shigar da tsarin cikin doka, ta kuma taƙaita shi ga abubuwa 4: cin ƙwallo, fenareti, jan kati kai tsaye, da hukunta ɗan wasa a madadin wani. Sharaɗin shi ne kada a sa baki sai kuskure ya fito fili.

Wane kuskure ne ya fito fili? A nan gizo ke saƙar, kuma 'yan Najeriya sun ɗanɗana tun a gasar Kofin Duniya ta Rasha ta 2018. Ranar 26 ga Yuni a St Petersburg, ana 1-1 da Ajantina, Marcos Rojo na Ajantina ya sa wa ƙwallo kai ta sauka a hannunsa cikin da'irarsu. Alƙali Cüneyt Çakır na Turkiyya ya je gaban allo, ya duba, ya dawo ya ce a ci gaba da wasa. A minti na 86 Rojon nan dai ya ci ƙwallon da ta koro Super Eagles gida. Kwana 19 bayan haka, a wasan ƙarshe a Mosko, ƙwallo ta taɓa hannun Ivan Perišić na Kuroshiya, alƙali Néstor Pitana ya duba allo ya ba Faransa fenareti. Masu kare hukuncin farko sun ce ai daga kan Rojo ƙwallon ta zamo. A gidajen kallo na Kano da Kaduna, wannan hujja ba ta sanyaya zuciyar kowa ba. Allo ya nuna hannu a duka biyun, fassarar ce ta rage a hannun ɗan Adam.

Ko inda babu fassara, mutum na iya tuntuɓe. A Satumbar 2023 an soke ƙwallon Luis Díaz na Liverpool a gidan Tottenham da sunan satar gida. Alƙalin bidiyo ya ga babu satar gida, amma ya ɗauka an riga an bayar da ƙwallon, sai ya ce bincike ya kammala. Hukumar alƙalan Ingila ta amsa kuskurenta a ranar.

Duk da haka, da Wolves ta nemi a soke VAR a Firimiya a Yunin 2024, kulob 19 cikin 20 suka zaɓi a ci gaba da ita.